Rattray Park da yamma tare da iyali: wasa, abinci da sayayya a Kumasi

Ga iyalin da ke zaune a unguwannin Aboabo, Asawase, Sabon Zango ko Sawaba a Kumasi ta ƙasar Ghana, kuma suke neman inda za su kai yara su sha iska, Rattray Park wuri ne da na gwada da iyali, kuma ina ba da shawarar a je. Sai dai daɗin fitar ya rataya ne a kan yadda aka jera ta: wasa tun da sauran rana, sallar magariba, kallon ruwa bayan duhu ya shiga, abinci, sannan sayayya a hanyar komawa. Wanda ya birkita wannan jeri zai kashe kuɗi fiye da yadda ya shirya, ya koma gida da yara suna kuka.

Wurin yana unguwar Nhyiaeso. Hukumar birnin Kumasi, KMA, ce ta gina shi, aka buɗe shi a watan Yunin 2015 lokacin da Kojo Bonsu ke shugabancin birnin. An buɗe shi da ƙaramin tafki da aka haƙa, da filin wasan yara, da wurin motsa jiki, da wurin cin abinci, da kuma maɓuɓɓugar ruwa mai rawa da kiɗa da fitilu masu launi, wadda ita ce ta fi jan jama'a. Sunan kuwa na Kyaftin R. S. Rattray ne, Baturen da ya yi suna wajen rubutu kan al'adun Asante. Ya kamata Bahaushe ya gaya wa 'ya'yansa cewa mutumin nan ya taɓa namu ma: a 1913 ya buga littafi mai juzu'i biyu na tatsuniyoyi da al'adu da karin maganar Hausa, waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami. Yaran makaranta suna jin daɗin wannan labari idan aka ba su shi a mota.

Hanya ita ce abu na farko da ke ɓata lissafi. Daga ɓangaren Zango ba sai an ratsa Adum ko Kejetia ba. A bi babbar hanyar da ta zagaye gari, ta Anloga Junction zuwa gadar Asokwa, a miƙe zuwa shataletalen Ahodwo, daga nan a shiga Nhyiaeso. Amfanin wannan hanya biyu ne: ta kauce wa cunkoson kasuwa, kuma Kumasi City Mall tana daf da gadar Asokwa, wato a kan hanyarku take idan za ku dawo. A duba ko Asante Kotoko na da wasa a filin Baba Yara a ranar, domin idan aka tashi daga ƙwallo da yamma, Asokwa da Amakom sukan cushe. Ranar Asabar kuma ranar jana'iza ce a ƙasar Asante, ana kafa rumfuna a ƙananan tituna, don haka kada a yarda direba ya ce zai yanke ta lungu. Masu son hawa pragya, wato babur mai ƙafa uku, su tuna cewa a 2023 KMA ta taƙaita shigarsu tsakiyar gari, kuma ga iyali mai yara huɗu ko biyar, ɗaukar tasi shata ya fi kwanciyar hankali.

Lokaci kuwa rana ce ke yanke shi. A Kumasi magariba ba ta yin nisa da ƙarfe 6 duk shekara: wajen 5:50 a watan Nuwamba, wajen 6:30 a watan Yuli. Kuma da rana ta faɗi, duhu ba ya jira. Saboda haka a yi la'asar a gida, a kama hanya, a isa ƙofa wajen ƙarfe 4:30. Wannan zai ba yara awa ɗaya da rabi na wasa da haske, wanda ya ishe su. Iyalin da suka iso ƙarfe 6 sun biya kuɗin shiga cikakke amma sun sami rabin wurin, domin lilo da abin zamiya ba su da daɗin sa ido a kansu cikin duhu, kuma lokacin ne layi ya fi tsawo.

Kafin a miƙa kuɗi a ƙofa, akwai tambayoyi uku da nake ganin bai kamata a tsallake ba, a nan ko a kowane wurin wasa. Shin za a kunna ruwa mai rawa yau, kuma da ƙarfe nawa? Waɗanne wasanni ne tikitin shiga ya ƙunsa, waɗanne ne ake biya dabam? Kuma ana barin shiga da abinci ko abin sha daga gida? Dokokin irin waɗannan wurare suna canzawa, musamman ranakun biki da ranakun da wani ya kama fili don taro, kuma minti ɗaya na tambaya ya fi gardama bayan an yanki tikiti. A riƙe tikitin har a fita.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne wasannin da ake biya ɗaya-ɗaya. A ɗauka a misali wasa ɗaya sidi 20 ne. Yara huɗu, kowa sau uku, sidi 240 ke nan, ba a sha ko ruwa ba. Maganinsa shi ne a yanke magana tun a gida: kowane yaro wasa biyu, shi zai zaɓa. Maigida ya raba kuɗin kashi uku, na ƙofa da wasa, na abinci, na sayayya, kada ɗaya ya ci ɗaya. A tanadi ƙananan takardu na sidi 5 da 10 da 20, domin mai sayar da gugguru ko balan-balan ba zai iya canja takardar 200 ba, kuma a nan ne ake cewa "ƙara ɗaya ka cike", a sayi abin da ba a yi niyya ba. MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, yana aiki a wurare da yawa, amma idan jama'a suka yi yawa sadarwa takan yi nauyi. Kafin a danna lambar sirri a karanta sunan da ya fito a waya, a tabbatar da mai kaya cewa nasa ne, kuma kada a miƙa wa kowa waya ya danna da kansa.

Abin da na fi yaba wa wurin shi ne fili. Yaron da ya tashi a gidan haya, inda tsakar gida ta cika da igiyar shanya da murhu da bokitai, yana bukatar inda zai yi gudu ba tare da babur ya biyo ta kansa ba. A nan yana samu. Uwargida ta shimfiɗa tabarma a kan ciyawa, ta zauna inda idonta ke kai wa ga filin wasa, manyan yara su zagaya, kakanni su miƙe ƙafa. Wannan kaɗai ya biya kuɗin shiga a wurina. Amma tafkin yana bukatar ido: yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kada ya bar hannun babba a kusa da ruwa, ko da na ɗan lokaci ne. A rubuta lambar waya a takarda a sa wa kowane ƙaramin yaro a aljihu, a kuma nuna wa manyan wuri ɗaya da za a haɗu idan an rabu.

Kayan da za a ɗauko ba su da yawa: tabarma da leda babba da za a shimfiɗa ƙarƙashinta idan ciyawa na da laima, darduma, buta, riga mai dogon hannu ga kowane yaro, man shafawa na korar sauro, da fitilar hannu ko waya mai caji. Sauro na fitowa da magariba a duk inda ruwa da ciyawa suke, kuma zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne ga ƙananan yara. Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba zuwa Oktoba, hadari kan haɗu da yamma cikin ɗan lokaci. Idan aka ga gabas ta yi baƙi kafin a fita, a ɗaga tafiyar. Ruwa na sauka, ana rufe wasannin da ake hura wa iska da masu aiki da lantarki, kuɗin motocin da ake kira ta waya kuma ya tashi. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ya fi dacewa da wannan fita, sai dai a sa wa jarirai hula.

Sallar magariba ba ta da wahala idan an zo da shiri. A yi alwala tun kafin rana ta faɗi, lokacin da bayi ba su cika ba, a nemi gefe mai tsafta nesa da lasifika. Alƙibla daga Kumasi gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa, kusan digiri 65. A watan Disamba, wanda ya juya wa faɗuwar rana baya ya kusan daidaita. A watan Yuni kuwa sai ya ƙara karkata hagu sosai, domin rana na faɗuwa ne ta arewa maso yamma. Manhajar alƙibla a waya na taimakawa, amma a nisanta wayar daga shingen ƙarfe da motoci, don ƙarfe na ruɗa ta.

Bayan salla ne ruwan ke nuna kansa. Da rana feshin ruwa ne kawai, amma cikin duhu fitilu na rina shi ja da kore da shuɗi, yana tashi yana sauka tare da kiɗa, yara su yi tsit sannan su ɓarke da ihu. A tsaya ta ɓangaren da iska ke fitowa, in ba haka ba feshi zai jiƙa mayafi da waya. Minti 20 zuwa 30 sun isa.

Abinci shi ne inda nake son a fi natsuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fito da yara da yunwa ana cewa "a can za mu ci". Yaron da ke jin yunwa zai nuna duk abin da ya gani, kuma idan ya cika ciki da shinkafa ya hau abin juyi, amai ne zai biyo baya. A ba su abinci a gida kafin la'asar. A cikin wurin a tsaya kan abu mara nauyi: kelewele (soyayyar agada) mai zafi daga kasko, gugguru, gyaɗa, ruwa. Ledar ruwa rabin lita ce, a lissafa biyu ga kowane yaro. Sobolo, wato zoɓo, da lamurji suna da kyau idan da sanyinsu kuma murfin a rufe yake. Burkina kuwa madara ce a ciki, idan ta daɗe ba a kankara ba takan yi tsami ta ɓata ciki, don haka a taɓa gorar a ji sanyinta kafin a biya.

Ga nama, Musulmi ba ya jin kunyar tambaya. Kumasi gari ne da kowa ke cin abinsa, kuma wasu masu gashi suna haɗa nau'in nama dabam-dabam a kan waya ɗaya. "Maame, naman me ne wannan, kuma ina ake yanko shi?" tambaya ce da masu abinci suka saba ji, ba sa ɗaukar ta da zafi. A tambayi abin da aka yanka cikin soyayyar shinkafa, musamman sosej, a kuma tambaya ko man suyar ɗaya ne da na sauran nama. Idan amsar ba ta fito sarai ba, kifi da soyayyen dankali ko doya sun wadatar. Shito, wato soyayyen barkonon da ake zubawa a abinci, akwai busasshen kifi da jatan lande a ciki, ga yaji, don haka a ce a zuba shi gefe, kada a kwaɓa wa yara. Salak mai mayonis da ya wuni a kan tebur, a bar shi.

Ra'ayina shi ne babban abincin dare a ci shi a Zango. Tuwon zafi da miyar ayoyo a wurin Hajiyar da kuka sani, ko cincinga, wato tsire, daga hannun mahaucin da kuka san yankansa, ya fi araha, ya fi ƙosarwa, kuma ba a ci da shakka a zuci. Wanda yake son ya faranta wa yara da kaza da dankali a zaune cikin sanyin na'ura, ya bari sai an isa mall, ya yi odar babban faranti na iyali maimakon kowa da nasa.

Sayayya a bakin wurin wasa ta yara ce zalla: balan-balan, ƙaho, tabarau da sanduna masu walƙiya. Ana tayawa, kuma kusan duk abin da ke nan akwai shi a Kejetia da rana a farashi mai sauƙi. Uwargida mai dabara takan sayo nata tun kwana ɗaya kafin fitar, ta ɓoye a jaka, ta fito da su idan duhu ya yi. Duk abin wasa mai fitila a gwada shi a gaban mai kaya, a kuma duba murfin batir. Ƙananan batura masu kama da maɓalli suna da haɗari ƙwarai idan yaro ya haɗiye, suna ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. Wanda ba a ɗaure murfinsa da ƙusa ba, kada a saya wa mai rarrafe.

Kumasi City Mall, wadda aka buɗe a 2017, ta dace da rufe fitar idan aka isa kafin ƙarfe 8. Akwai wurin ajiye mota, farashi a rubuce yake, ba ciniki. A shiga da jerin abin da za a saya, kada ya wuce minti 40, domin a wannan lokaci yara sun gaji, kuma gajiyayyen yaro a tsakanin kantocin alewa ba ya jin rarrashi. Gara babba ɗaya ya zauna da su a waje, ɗaya ya shiga. Kayan da aka karya wa farashi a duba ranar lalacewarsu. Biskit da cakulan da sosej na ƙasashen waje a karanta abin da aka haɗa su da shi, a nemi tambarin halal. Kaza da kifi masu ƙanƙara a ɗauke su a ƙarshe, daf da zuwa wurin biya. A riƙe rasit a hannu, don akan duba shi a ƙofar fita. Shinkafa buhu, tumatir, albasa, atamfa da takalman makaranta kuwa ba na wannan dare ba ne, na kasuwa ne da safe.

Ranakun sallah, da 26 ga Disamba, da 1 ga Janairu, da 6 ga Maris ranar 'yancin Ghana, wuraren shaƙatawa na Kumasi sukan cika maƙil da matasa, kiɗa ya yi ƙarfi, layi ya yi tsawo. Samari da 'yan mata suna son haka. Mai jariri, ko mai tafiya da tsohuwa, ko mai yara ƙanana fiye da hannayen da za su riƙe su, ya bari sai kwana biyu ko uku bayan sallah, ko ya zaɓi yammacin wata rana a tsakiyar mako lokacin hutun makaranta.