Na'urar kallon taurari da na saya a Jidda, ga yadda muka kwashe da ita

Jama'a wata biyu kenan da na sayi 'yar ƙaramar na'urar nan ta hangen taurari, irin wadda babu inda za ka kafa ido, sai dai ka haɗa ta da waya ka riƙa kallo a manhaja. Asali don kallon wata na saye ta, yara su ga ramukan da ke jikinsa, kuma a nan kam ba ta da laifi, tas yake fitowa ko daga saman bene.

Amma ni abin da ya hana ni sukuni M83 ne, wani gungun taurari mai murɗe kamar katantanwa a can kudancin sama. Wani Bafaranshe masanin taurari mai suna Lacaille ne ya fara hango shi a 1752 daga Afirka ta Kudu, nisansa kuwa kusan shekarun haske miliyan 15, ya'ani hasken da ke shigo maka yanzu tun shekara miliyan 15 ya kamo hanya. Subhanallah.

A cikin Jidda? Khalas, manta kawai. Fitilun gari ga danshin teku, dare uku ina fama sai wani ɗigo fari-fari kamar tuwo ya ɗiga a gilashi, har uwargida ta fara min tsiya wai riyal ɗin nan da jarkokin zaitun na saya da sun fi amfani.

Sai a watan Mayu da muka hau Shafa can sama da Ɗa'if ni da wani abokina, daren da babu farin wata, ga sanyi. Na ajiye na'urar a kan dutse, ta juya da kanta ta nemo M83 ɗin, ta shiga ɗaukar hoto na daƙiƙa 10 tana ɗora wani kan wani, minti biyar na farko ba komai har na fara cewa an cuce ni, wajen minti arba'in wallahi sai ga hasken tsakiyar gungun mai kama da sanda ya bayyana, ga hannuwansa masu murɗewa sun naɗo shi. Abokin nawa da ya zo don shayi kawai sai da ya karɓe wayar.

Kar dai ka sa ran irin hoton Hubble, babbar na'urar hangen taurarin nan da ke can sararin samaniya, gilashin gaban tawa milimita 50 ne kacal. Kuma ka tafi da fawa bank, ba don ita ba, wayata ce ta mutu wajen ƙarfe ɗaya tun ban ajiye hoton ƙarshe ba.