Network reset ko cire direba a sa sabo: wanne ya dace da Wi-Fi ɗin da ya ɓace?

Wa alaikumus salam, Malam. Yadda ka bayyana: laftof ɗinka HP ce ta hannu, Windows 10 ne a kanta, ta sabunta kanta da dare, gari na wayewa alamar Wi-Fi ta ɓace, sai hoton duniya kawai a ƙasan allo. Ka shiga Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke cikin kwamfuta, ka ga alama mai ruwan ɗorawa a kan katin Wi-Fi ɗinka, Realtek RTL8821CE, an rubuta Code 10. Wani ya ce ka yi Network reset, wani kuma ya ce ka cire direban ka sa sabo, kai kuma kana so ka san na wa za ka bi.

A taka matsalar, na biyun ne ya fi gaskiya. Amma kada ka cire komai sai sabon direban yana cikin kwamfutarka.

Mutane na ɗaukar hanyoyin nan biyu tamkar abu ɗaya, alhali ba wuri ɗaya suke taɓawa ba. A cikin laftof akwai ɗan kati na Wi-Fi, direba kuwa shi ne manhajar da Windows ke magana da katin ta bakinta. A saman direban ne sauran saituna suke: adireshin IP, DNS, sunayen hanyoyin da ka taɓa shiga da lambobin sirrinsu, da abin da VPN ko antibairos suka cusa a tsakani. Network reset wannan saman yake sharewa. Gaskiya ne yakan cire adaftocin, wato katunan haɗin intanet da ke jerin Windows, ya mayar da su, shi ya sa ake zaton yana sabunta direba, amma daga rumbun Windows yake ɗauko direban da zai mayar, wato wanda ya kawo matsalar tun farko. Ka wanke tukunya tas ka mayar da miyar da ta yi tsami ke nan. Cire direba kuwa can ƙasa yake aiki, shi yake sauya manhajar kanta, saitunan sama bai cika damuwa da su ba.

To yaushe kowanne yake da rana? Network reset na wanda Wi-Fi ɗinsa yana nan ne, yana ganin sunayen hanyoyi, har yana haɗuwa, amma sai a ce masa ba intanet, wayarsa kuma a kan hanyar nan tana buɗe komai. Ko wanda ya cire VPN daga nan burauza ta daina buɗe shafi. Shi idan ya leƙa Device Manager adaftarsa lafiya lau take, ba wata alama a kanta. Cire direba kuma na irinka ne: alamar ta ɓace gaba ɗaya, ko akwai Code 10, ma'ana na'urar ta kasa tashi, ko Code 43, ma'ana Windows ta tsayar da ita don ta kawo ƙorafi, ko kuma Wi-Fi ɗin da ke yankewa duk lokacin da aka rufe murfi aka buɗe. Ban ce reset bai taɓa tayar da Code 10 ba, yakan yi, don cirewa da mayarwar kan farkar da katin da ya maƙale. Sai dai wanda sabuntawa ta jawo yakan dawo bayan kwana biyu.

Wajen sauƙi, reset ya yi wa ɗayan fintinkau. Settings, Network & Internet, Status, ka gangara ƙasa ka danna Network reset; a Windows 11 yana cikin Advanced network settings. Ba ya buƙatar intanet, bayan minti 5 kwamfutar ta sake tashi da kanta. Tun 2016 Microsoft ta saka shi a Windows 10, kafin nan da hannu ake rubuta irin su netsh winsock reset. Amma sauƙin nan da kuɗinsa. Duk lambobin sirrin Wi-Fi sun tafi, VPN sai an sake saka shi, kuma in laftof ɗin ta ofis ce mai adireshin IP da aka sa da hannu don ta ga firinta ko uwar garke, wato babbar kwamfutar ofis, wannan ma ya goge, sai ka nemo wanda ya saita. Cire direba shi ma yakan sa ka sake shigar da lambar Wi-Fi, amma ba ya taɓa ramin kebul ɗin intanet ko VPN. Haɗarinsa ɗaya ne, kuma babba: ka goge tsohon, Windows ta rasa wanda za ta sa, katin ya koma ƙarƙashin Other devices da sunan Network Controller da Code 28, ga ka ba intanet ɗin da za ka sauko da sabo.

Shi ya sa na ce ka fara tanadi. Ɗauki wayar Android ɗinka ka haɗa ta da laftof da kebul, ka kunna USB tethering a wajen da ake kunna hotspot, don laftof ta samu intanet daga wayar. Windows 10 da 11 suna gane ta ba tare da ka saka komai ba, kuma wannan hanyar ba ruwanta da katin Wi-Fi. In maɓallin ya ƙi kunnuwa, kebul ɗin na caji ne kawai, ka canza wani. iPhone ta fi wahala, sai an saka manhajar Apple tukuna. In ba haka ba, ka sauke fayil ɗin direban a waya ko wata kwamfutar ka kawo shi a filash.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne zaɓen direban. Ka je shafin tallafi na HP ka sa lambar siriyal da ke ƙasan laftof ɗin (masu Dell su sa Service Tag, mai haruffa da lambobi 7), za ka ga an jero direbobin Wi-Fi uku ko huɗu: Intel, Realtek, wani lokaci da Qualcomm ko MediaTek. Ba dukkansu naka ba ne. Kamfani yakan fitar da samfuri ɗaya da katuna daban-daban, ga shi kuma kwamfutar da aka saya ta hannu takan bi ta wurin masu gyara, ƙila an taɓa musanya katin. Kai ka yi sa'a sunan naka yana nan a rubuce. Wanda sunan nasa ya ɓace, ya danna dama a kan katin a Device Manager, ya shiga Properties, Details, ya zaɓi Hardware Ids. Zai ga rubutu mai farawa da PCI\VEN_ sai lambobi ko haruffa huɗu. 8086 Intel ne, 10EC Realtek, 168C Qualcomm Atheros, 14E4 Broadcom, 14C3 MediaTek. Abin da ya biyo bayan DEV_ shi ne ainihin samfurin katin. Wannan layin ba ya ƙarya, ko da takardar da ke manne a jikin kwamfutar ta yi.

Masu katin Intel suna iya saukowa kai tsaye daga shafin Intel, yawanci ma ya fi sabo. Na Realtek kuwa, na HP ɗin shi ya fi zama lafiya. Manhajojin nan da ke alkawarin zuba maka duk direbobi da danna ɗaya, ni ba na ba da shawararsu. Sukan sa wanda ya yi kama da naka ba naka ba, wasu kuma su shigo da tarkacen talla.

Kafin ka cire, gwada abu biyu da ba sa cin komai. Na farko, a Properties na adaftar akwai shafin Driver, ciki akwai Roll Back Driver. Tunda matsalarka bayan sabuntawa ta zo, in maɓallin yana dannuwa shi ne gajeriyar hanya: zai mayar da direban da kake kai jiya. In ya yi fari-fari ba ya dannuwa, Windows ba ta ajiye tsohon ba. Na biyu, ka zare caja, ka kashe kwamfutar, ka danne maɓallin kunnawa kamar sakan 30, sannan ka tayar. Shut down na Windows 10 ba mutuwa ce ta gaske ba, saboda Fast Startup yana adana yanayin direbobi ya dawo da su yadda suke. Restart ne yake tayar da komai daga tushe. Katunan Realtek da MediaTek da yawa sun dawo da wannan kaɗai.

In duk ba su yi ba, sai cirewar. Danna dama a kan adaftar, Uninstall device. Ƙaramin akwati zai fito da wurin sa alama, an rubuta Delete the driver software for this device. A Windows 11 kalmomin sun ɗan bambanta, Attempt to remove the driver. Duk maganar tana kan wannan alamar. In ba ka sa ta ba, kwamfutar na tashi za ta mayar da direban da ka cire, ka ga ka yi aikin reset ne ta doguwar hanya. Ka sa alamar, ka zare kebul ɗin waya don kada Windows Update ta riga ka, ka yi Restart, sannan ka buɗe fayil ɗin da ka sauke. In ya gama ka sake Restart. Da Wi-Fi ya dawo, ka koma Properties, in akwai shafin Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar don tanadin batir. Ka kuma dakatar da sabuntawa na mako guda ka ga kamun ludayinsa, don Windows takan sake turo wanda ya ɓata ɗin. Tallafin Windows 10 na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, amma direbobin da ke shafin HP suna nan, ana saukewa.

Bayan sabon direba ya zauna, in yana ganin hanyoyi amma ba intanet, to yanzu ne lokacin Network reset ya yi. A wannan jerin suke tafiya, direba tukuna.

Akwai kuma inda dukkansu biyu ba su da abin yi. In ka duba Network adapters ba ka ga mai kalmar Wireless ko Wi-Fi ko 802.11 ba, ka danna View, Show hidden devices, sai ka gan shi a dusashe da Code 45, Windows na gaya maka ba ta jin katin ne sam. Ka duba maɓallin Wi-Fi na kan kibod, a HP da yawa F12 ne mai ɗan haske. Ka shiga BIOS, wato saitunan kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, ta danna F10 da zarar ka kunna, ka tabbata ba a kashe shi a can ba. In duk lafiya, to katin ya motsa a mazauninsa ko ya mutu. Mai gyara zai buɗe baya, ya kwance ɗan ƙusa ɗaya, ya zare katin ya goge ya mayar, ya duba siraran wayoyin eriya, baƙa da fara, da ke maƙale a kansa kamar maɓallin riga. In wayar eriya ce ta fita, alamarta daban ce: Wi-Fi yana nan amma sai ka zauna gindin rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, kafin ya kama. Katin da ya mutu ana canza shi, ko ka sayi ɗan adafta na USB ka soka a gefe. Kada ka yarda a ce sai an yi fomatin kafin a duba wannan.

Wani abu kuma da ake ɗora wa direba laifi a banza: tsofaffin katuna irin su Realtek RTL8723BE zangon sigina na 2.4GHz kaɗai suke gani. In hotspot ɗin waya yana kan 5GHz, laftof za ta ga na maƙwabta ta ƙi ganin naka. Naka RTL8821CE yana ganin duka biyun, wannan bai shafe ka ba.

In ka sa sabon direban Code 10 ya ƙi tafiya, ka ɗauki hoton layin Hardware Ids da na shafin Driver inda kwanan wata da lambar siga suke, ka turo mu gani.