Sharhi kan yistin Lalvin EC-1118: ƙulli ɗaya ya isa lita 23

Wannan yisti na haɗa giyar inabi ne, na kamfanin Lallemand na Kanada, asalin irinsa kuma daga yankin Shamfen na Faransa. Yana zuwa a ƙaramin ƙulli mai giram 5, wanda ya ishi ruwan inabi har lita 23. Lissafin shi ne kusan rubu'in giram a kowace lita, wato mai haɗa lita 5 bai buƙaci fiye da giram ɗaya da ɗan ɗori ba. Ko an juye ƙullin duka babu laifi, don yisti hayayyafa yake yi a ciki. Amma kada a ɗauka ƙara shi zai ƙara wa giyar ƙarfi. Wannan aikin sukari ne, kusan giram 17 a lita ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Ƙarancin yistin ne ke jawo matsala: aiki ya yi jinkirin tashi, wasu ƙwayoyin cuta su riga shi, ruwan ya yi tsami.

Kafin a zuba, a jiƙa shi a ruwa mililita 50 mai ɗumin digiri 35 zuwa 40 a ma'aunin Celsius na minti 15 zuwa 20. Zai kumbura, kumfa mai launin madara ta taso sama. Nan mutane suka fi kuskure: su ɗauki yisti mai ɗumi su antaya cikin ruwan inabi mai sanyi. In bambancin ya wuce digiri 10, ƙwayoyin da yawa mutuwa suke yi. A riƙa ɗiban ruwan inabin kaɗan-kaɗan ana zuba masa har su daidaita. Wanda ya sa ƙwayar Campden kuwa, wato wadda ake sawa a ruwan inabi don kashe ƙwayoyin cuta, ya jira awa 24 tukuna kafin ya zuba yistin.

Juriyarsa ce ta sa nake yaba shi. Yana aiki daga digiri 10 zuwa 30, yana kaiwa kashi 18 cikin 100 na barasa, kuma in ya gama sai ya kwanta a gindin kwalba ya bar ruwa garau, abin da yistin burodi ba ya yi da kyau.

Sai dai fa ba ya barin sukari ko kaɗan, kuma ba ya ƙara ƙamshin 'ya'yan itace. Mai son ƙamshi ya nemi yistin Lalvin 71B. In aka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, yawanci abincin yisti ne ya yi ƙaranci. Kada a rufe kwalba sai haidiromita, wato ma'aunin da ke nuna sauran sukarin da ke cikin ruwan, ta tsaya a 0.996 ko ƙasa kwana uku a jere, in ba haka ba gas zai fasa ta.