WhatsApp, Google ko Microsoft: wanne ya dace da shago mai rassa?

Kawuna yana sayar da kayan gini. Babban shagon yana Garwa a arewacin Kamaru, akwai reshe a Marwa, sai magaza ɗaya a Kusiri inda 'yan Injamena ke tsallako gada su yi sari. Ni nake riƙe masa lissafi. Bara wayar yaronmu na Marwa ta faɗi yana kan mashin, ba a sake ganinta ba. Hotunan faktir (takardun ciniki) na wata huɗu da sunayen masu bashi duk a cikinta suke. Mako biyu muka yi muna bin magina ɗaya bayan ɗaya muna tambaya, "Malam, buhun siminti nawa ka ɗauka?" Masu tsoron Allah suka faɗi gaskiya. Sauran kuwa sai dai a bar wa Allah.

Tun daga ranar, duk manhajar da aka yaba mini, abu biyu nake dubawa: bayanan da muka zuba a ciki na shagon ne ko na mai wayar? Kuma in kuran (wutar lantarki) ya tafi ko reso (sabis na waya) ya ɗauke, aiki zai ci gaba?

WhatsApp ba sai an koya wa kowa ba. Ƙarfinsa a wajenmu saƙon murya ne. Direbanmu Fulatanci ya fi ji, na Kusiri Larabcin Cadi, faktir kuma da Faransanci take zuwa, shi kuwa Kawu ba ya rubutu a waya, sai dai ya danna ya yi magana. Rukuni ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, ana iya tura fayil har na giga 2. Amma magana ce mai wucewa kamar ruwan kogi. Farashin kwanon rufi da aka faɗa ranar Litinin, kafin Alhamis gaisuwa da sanarwar suna sun binne shi. In dole da shi za a zauna, a sayi layi da sunan shago, a sa WhatsApp Business, a haɗa shi da na'urori har huɗu, a kunna ajiyar saƙonni a Google Drive tun ranar farko. Masu hulɗa da Cadi kuma su tuna cewa daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe kafofin sada zumunta a ƙasar. Wanda ya rataya duk kasuwancinsa a kan manhaja ɗaya ya ji jiki.

Telegram ya fi shi adana tsofaffin saƙonni, sai dai abokan cinikinmu kaɗan ne ke da shi, don haka ban daɗe a kansa ba.

Google ne ya fi jan hankalina. Duk mai adireshin Gmail yana da wurin ajiya na giga 15 kyauta, kodayake wasiƙu da hotuna ma daga nan suke ci. Da Google Sheets, jadawali ɗaya ne na Garwa da na Marwa ke rubutu a kai a lokaci guda, kowa daga wayarsa, ko da Tecno ce mai araha. Abin da ya fi burge Kawu shi ne tarihin gyara. Na nuna masa yadda ake ganin wanda ya canza buhu 40 ya koma 35, da ranar da ya yi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗana, wannan ai shaida ce." Amma a kula: aiki ba tare da intanet ba sai an kunna shi a kan fayil ɗin tun reso yana nan. In aka manta, ranar da ake buƙata ba zai buɗu ba. Akwai kuma na biya, Google Workspace, inda adireshin kowane ma'aikaci mallakar kamfani ne, in ya bar aiki a rufe masa ƙofa a riƙe takardu. Kuɗin wata-wata ne a kan kowane mutum, kuma da katin banki ake biya. Ga shago mai mutum biyar, na kyauta ya isa, muddin mai shago ne ya buɗe fayilolin da nasa adireshin, ya ba yara izinin rubutu kawai.

Microsoft 365 na masu zama kan kwamfuta ne. Excel ɗin da aka girka a kwamfuta yana aiki ko babu intanet, kuma ya fi ƙarfi wajen lissafi mai nauyi. Mai neman kwangila a wajen manyan ma'aikatu irin su kamfanin auduga na Sodecoton, ko bankuna da ƙungiyoyin agaji, yawanci da Word da Excel za a turo masa takardu. Wurin ajiyarsa na kyauta, OneDrive, giga 5 ne kacal, Teams kuma, manhajarsa ta taro da saƙonni, yana yi wa ƙananan wayoyi nauyi. Kada a yarda mai gyara ya zuba kwafin sata, domin sau da yawa da cutar kwamfuta yake tafe. In kuɗin lasisi ya yi yawa, LibreOffice kyauta ne, kuma yana buɗe fayilolin Excel.

Duk wanda aka zaɓa, a ware kuɗin wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma da rani in ruwa ya ja baya sai a shiga rabon kuran unguwa-unguwa. Saboda haka kwamfutar cinya mai batir ta fi ta tebur, ƙaramin faifan sola kuma ya fi sabuwar waya mai tsada amfani. Layi biyu ya kamata a riƙe, MTN da Orange a nan, Airtel ko Moov Africa in an tsallaka Cadi.

Mu dai mun raba aikin. Magana da gaggawa a WhatsApp, kuɗi da kaya da bashi a Sheets, a ƙarƙashin adireshin Kawu. Kowane reshe yana shigar da cinikinsa kafin magariba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake sauke kwafin mako a ƙaramin makullin USB, in sa shi a akwatin ƙarfe tare da tsohon littafin bashi, wanda har yau Kawu bai yarda a daina rubuta shi da biro ba.