Na sa an yi wa wolfefar falona fenti maimakon a ɓare ta

Masu tambayata yadda aikin mai fentin nan ya kasance, to ga bayani. Wolfefar bangon, wato takardar adon da ake liƙawa a bango, irin mai zanen da ya taso ce ɗin nan da in ka shafa za ka ji tudu da kwari, kalarta ta koɗe amma gam ɗin na nan daram, kuma ɓare ta na nufin sai an sake sikiridin ɗin bangon gaba ɗaya, wato shafen da ke sa bango ya yi sumul, ni ko ba ni da wannan kuɗin yanzu gaskiya.

Abin da ya fara burge ni, mutumin bai zo da bokiti ya hau shafe-shafe ba. Ruwa ya yayyafa a wani lungu bayan kujera, ruwan ya gangaro bai shige ta ba, sai ya ce Hajiya wannan mai fuskar leda ce, in aka sa mata fentin ruwa kai tsaye da farce ma za ki kankare shi. Akwai wadda dama don a yi mata fenti ake yin ta, irin su Anaglypta ta Ingila da ake yi tun 1887, fara fat take zuwa, amma yawancin waɗanda ke kasuwanninmu ba irinta ba ne.

Sai da ya bi bangon da busasshen burushi tukuna, wallahi ƙurar hunturun da ta fito daga cikin zanen nan sai da na ji kunya, sannan ya goge da tsumma mai ɗan laima, duk bakin da ya ɗago a mahaɗa ya sa gam ya danne ya bari ya bushe. Bayan nan ne ya shafa firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, irin mai mai, ba ta ruwa ba, don ta ruwa tana iya jiƙa gam ɗin da ke ƙasa takardar ta yi ta kumbura. Warinta kam ba a magana! Duk da tagogi a buɗe sai da na tura yara gidan kakarsu.

Fentin kansa hannu biyu ya yi, da rola mai dogon gashi don ya shiga cikin kwarin zanen, kuma ba ya cika ta sosai, in fenti ya yi kauri cike zanen yake yi ya shafe adon. Falon ya yi kyau ba ƙarya, duk wanda ya shigo sai ya ɗauka sabuwa na liƙa.

Inda ya ɓata mini rai, lissafinsa bai kai ba, irin wannan bangon ya fi mai santsi shan fenti kuma ai shi ya kamata ya sani, ana tsakiyar aiki na koma kasuwa. Ga makara, ya ce ƙarfe takwas sai ka gan shi ana kiran azahar. Soket biyu ma ya ɗiɗɗiga musu fenti ya tafi abinsa. Mahaɗar takardar kuma har yanzu tana ɗan nunawa in hasken taga ya haske ta daga gefe.

Bangon da ke jikin banɗaki ya ƙi taɓawa sam, ya ce akwai danshi a ƙarƙashi, sai an gyara famfo an yanke wajen. Ya kuma gargaɗe ni cewa ranar da na tashi cire wolfefar zan sha wuya, tunda fenti ya ƙara toshe ta. Zan sake kiran shi a ɗakin baƙi, amma ni zan sayo kaya da kaina, kuɗin aiki kuma sai ya kammala.