Fawa bank mai faifan sola: yadda ya yi mini aiki a kakar bana

Na sayi wannan fawa bank ne a wani shago cikin garin Bauchi a farkon watan Oktoba, domin na san kakar bana za ta raba mini hankali biyu. Ranakun karatu ina Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa inda nake nazarin aikin gona, ƙarshen mako kuma ina ƙauyenmu a yankin Darazo, inda Baba ke jiran hannuna a gona, kuma babu wutar lantarki. Ga kuma alkawarin da na ɗauka wa wasu ɗalibai 'yan ƙasashen waje da muke zauren karatu ɗaya a WhatsApp, cewa zan nuna musu girbinmu kai tsaye ta kiran bidiyo.

An rubuta 20,000mAh a jikinsa, wato yawan cajin da yake ɗauka, batirin wayata kuwa 5,000 ne, saboda haka na yi lissafin zai cika ta sau huɗu. Sau biyu da rabi ya cika ta. Da farko na zaci an cuce ni, sai daga baya na fahimci cewa batirin da ke ciki yana ajiye wuta ne a kan bolt 3.7, alhali waya tana karɓa a kan bolt 5, kuma wajen wannan juyi wani kaso yana salwanta ya zama zafi. A nan ban ga laifinsa ba.

Ranar da ya fi yi mini rana ita ce Asabar ɗin da aka yi mana gayyar yankan dawa. Ni da ɗaliban nan mun tsayar da ƙarfe 11 na safe don kiran bidiyon, domin Jakarta ta Indunusiya ta riga mu da awa 6, Sawo Paulo ta Barazil kuma tana bayanmu da awa 4, wato wata tana shirin magariba, wani kuma yanzu ya farka. Sabis a gonarmu ba shi da ƙarfi, kuma duk inda sabis ya yi rauni waya takan ƙara shan caji, amma da na jona ta da fawa bank ɗin a aljihu mun yi kusan awa biyu ba ta mutu ba. Sun ga yadda ake yanke zangarniya a ɗaure dami. Abokina na Barazil ya tambayi nawa ake biyan ma'aikatan, na ce masa fura da tuwo ne ladansu, sai kuma ranar da za mu je gonar wani mu rama masa. Ɗalibar Indunusiya ta fi damuwa da rumbu, tana son sanin dalilin ɗora shi a kan duwatsu, na gaya mata saboda gara da danshi ne. Da na ce dami ɗaya cikin goma zakka ne, tun da ruwan sama ne ya shayar da gonar, sai ta ce su ma sun san wannan hukunci a noman shinkafarsu. Inna ta leƙo ta ce, "Kai, ka gaishe min da baƙin nan, ka ce su zo su ci tuwon sabuwar dawa."

Faifan solar da ke bayansa ne ya ba ni kunya, alhali saboda shi na zaɓe shi. Mai shagon ya ce wuni ɗaya a rana ya ishe shi ya cika. Na shanya shi a kan rumfa tun daga hantsi har la'asar, ko ɗigo ɗaya bai ƙaru ba cikin fitilu huɗun da ke nuna yawan caji, sai dai ya yi zafi har na tsorata, domin batirin lithiyam ba ya shiri da zafi. Faifan bai wuce tafin hannu ba, kuma irinsa bai fi ya ba da wat ɗaya ko biyu ba, alhali batirin yana ɗaukar wajen wat-awa 74, wato abin da faifai mai wat ɗaya zai tara cikin awa 74. Ko da rana ta buɗe sosai sai an fi mako guda, balle yanzu da hazon hunturu ya fara sauka. Ƙarshe dai wurin mai cajin waya da janareta na kai shi ranar kasuwa.

Yana da nauyi a aljihu, kuma cika shi da lantarki yana cin dare guda. Tocilarsa ta taimake ni karatun jarrabawar gwaji, murfin robar da ke rufe ramukansa kuma ya hana ƙaiƙayi shiga ranar sussuka.

Duk ɗalibin da zai saye shi, ya cika shi a Bauchi kafin ya hau mota, kada ya dogara da faifan. Ni dai na fara tara kuɗin faifan sola mai naɗewa na daban, domin na yi wa ɗaliban nan na ƙasashen waje alkawarin nuna musu kokawar bayan girbi, wadda ba ta tashi sai dare ya yi.