Robar da ke tare aksil: wacce ta dace da motarka?

Duk wanda ya taɓa loda wa a-kori-kura masara daga Dawanau ya san ƙarar nan. Ka faɗa rami, bayan mota ya nutse, sai ka ji "gam!" har cikin haƙoranka. Yaron mota zai ce maka shokozoba ta mutu, amma sau da yawa ba ita ba ce. Sifirin ne ya lanƙwasa har ƙarshensa, shasi ya sauko ya daki wata guntuwar roba da ke tsakaninsa da aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu. Makanikai na ce mata stofa, a jikin kwalin da ke zuwa daga waje kuma za ka ga an rubuta Bump Stop. Wadda mota ke fitowa da ita daga kamfani gajera ce mai tauri. An sa ta ne don ranar tsautsayi, ta hana ƙarfe dukan ƙarfe, ta kuma hana shokozoba lotsewa. Ba a yi ta don mota ta riƙa zama a kanta kullum ba.

Kafin mu shiga kasuwa, bari in faɗi abin da mai shago ba zai faɗa maka ba. Babu stofar da ke ƙara wa mota nauyin da za ta iya ɗauka. Hilux tana ɗaukar kimanin tan ɗaya, da ɗan ƙari ko ragi gwargwadon samfurinta, kuma a cikin lissafin nan har da kai da duk wanda ke zaune a ciki. Wato buhun masara goma mai kilo 100, ko siminti ashirin mai kilo 50, sun riga sun cinye rabon. Sabuwar roba za ta ɗaga bayan motar, ta rage layi a kwana, ta sauko da fitilunka daga idon masu tahowa da dare. Birki kuwa yana nan yadda yake, haka taya, haka boris.

Sannan ka leƙa ƙarƙashin motar tukuna, babu kaya a ciki, a wuri mai shimfiɗe. Dubi wurin da robar ke dira. In ka ga ya yi sumul yana ƙyalli, babu ƙura ko kaɗan, to dukan ya zama na kullum. Dubi ganyen sifirin. Lafiyayye yana da ɗan lanƙwasa kamar baka. In ya miƙe sambal, ko ya fara komawa baya, to sifirin ne ya gaji, kuma shi za ka fara gyarawa. Na taɓa yin wannan kuskuren. Na ɗaura doguwar roba a kan gajiyayyen sifirin don gudun kashe kuɗi, ashe tun babu kaya motar ta riga ta zauna a kanta. Mako biyu ina tuƙa amalanke, duk tsakuwar da taya ta taka sai ƙuguna ya sani. Daga baya dai na sayi sifirin ɗin da nake gudu.

Mafi araha ita ce ka mayar da irin ta kamfani, sabuwa ko 'yar Baljiyam, daga Ƙofar Ruwa ko Panteka. In taka ta tsage ko ta faɗi a hanya, kuma ba ka cika yin lodi ba, wannan ta wadatar. Ka dai matsa ta da babban yatsa kafin ka biya, don roba ma tana tsufa a ajiye. Mai ƙananan tsagu kamar kaushi, bar ta. Akwai kuma masu launin ja ko rawaya da ake yi da roba mai ƙarfi irin ta poliyuretan. Suna jure mai, amma dukansu ya fi na asali tsanani. Ni ban ga abin da suke ƙara wa mai lodi ba.

Inda gardamar take shi ne tsakanin iri biyu da aka yi musamman don taimaka wa sifirin. Na farko roba ce mai rami a ciki kamar gora, wadda kamfanin Timbren na Kanada ya yi suna da ita. Ana cire ta kamfani a ɗaura ta a gurbinta. Ta fi ta asali tsawo nesa ba kusa ba, amma ana barin 'yar tazara tsakaninta da inda za ta dira, gwargwadon abin da takardarsu ta ce. In mota babu kaya, sifirin kaɗai ke aiki. Da an yi lodi sai robar ta taɓa, kuma iya dannuwarta iya ƙarin taurinta. Babu iska, babu tiyo, babu abin da zai yi yoyo. Aibinta yana fitowa ne a rabin lodi, lokacin da motar ke taɓa robar tana saki, sai ka riƙa jin ɗan duka a gargada. Mai ɗaukar siminti, ko tankin ruwa, ko mai jan tirela, wanda motarsa ko dai fayau take ko a cike, shi ya fi cin moriyarta.

Na biyu soso ne mai ƙananan ƙofofin iska a cikinsa, kamar SumoSprings da ake yi a Amurka. Shi ma a gurbin ta kamfani yake zama, sai dai farkon taɓawarsa da laushi, taurin yana zuwa a hankali. Launinsa ne ke nuna ƙarfinsa: shuɗi ya fi laushi, baƙi na tsakiya, rawaya ya fi duka tauri. Na Toyota Tacoma, a-kori-kurar da ake sayarwa a Amurka, mai launin shuɗi an rubuta masa fam 1,000, wato kusan kilo 450, idan ya dannu zuwa rabin tsawonsa. Ka lura da wannan sharaɗin na rabin tsawo, don sai bayan motar ya riga ya sauka sannan sosan ke kai wa wannan ƙarfin. Wanda motarsa ce ta kai yara makaranta, ita ce ta zuwa gona ranar Asabar da taki buhu huɗu ko biyar, soso zai fi masa daɗi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ce tunda za a biya kuɗi, bari a ɗauki mafi tauri. Rawaya a kan motar da ba ta cika lodi ba wahala ce ka saya da kuɗinka.

Jakar iska, irin ta Air Lift ko Firestone, ba stofa ba ce a asali, amma za a kawo maka ita a cikin zancen, kuma sau da yawa a gurbin stofar ake ɗaura ta. Kyanta shi ne kai ke zaɓar ƙarfinta: ka ƙara iska in ka yi lodi, ka rage in ka sauke, tsakanin 5 da 100 a ma'aunin da mai faci ke auna taya da shi. Tana so a kula da ita. Ko babu kaya sai ka bar mata ɗan abin da zai riƙe ta, in ba haka ba ta naɗe ta goge ta fashe. Tiyonta kuma ba ya jure ƙaya da kara. Akwai wani abu da masu Hilux da ire-irenta a Ostareliya suka daɗe suna kuka da shi. Sifirin yana raba nauyi ne a wuri biyu a jikin shasi, gaba da baya. Jakar da aka cika tam tana tattara shi a wuri guda a tsakiya, kuma in kayan sun zarce bayan taya sosai, shasin mota mai ƙofa huɗu yana iya lanƙwasawa a bayan kan motar. Doguwar roba mai tauri ma a wuri guda take tokarewa, don haka wannan gargaɗin ya shafe ta in ana zalamar lodi.

Stofofin da ke ɗauke da mai da kuma iskar nitrojin a ciki, na kamfanin Fox ko King, kamar ƙaramar shokozoba suke. An yi su ne don motocin tsere a sahara, masu tashi sama su dira da gudu. Galibi sai an yi musu walda a shasi, sai an riƙa musu sabis, kuma ba sa ɗaga lodi ko kaɗan. In ba tsere za ka shiga ba, wuce.

Wanda ya ɗaga motarsa ya sa manyan tayoyi, nasa lissafin daban ne. Doguwar shokozoba ba ta shigewa kamar gajera, don haka tana iya kaiwa ƙarshenta tun kafin stofar kamfani ta taɓa. Shi dole ne ya ƙara tsawon robar, ko ya rasa shokozoba, ko taya ta ci bodi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ɗaura igiyar roba irin ta ɗaure wayoyin lantarki a sandar shokozoba, ka tura ta ƙasa, ka yi kwana biyu kana bin hanyarka ta kullum. Inda ka tarar da ita, nan ne iyakar inda shokozobar ta shiga.

Wajen oda kuma a yi hattara. Ba a sayar da Hilux a Amurka, Tacoma ce a can, kuma kamanninsu bai sa kayansu sun zama ɗaya ba. Ka ba da shekarar motar, da ko mai jan ƙafa huɗu ce ko biyu, ka tura hoton wurin ɗaurin. A Ford F-150 robar tana jikin shasi da ƙusa. A Tacoma tana saman sifirin, ƙusoshin nan masu lanƙwasa da ke riƙe aksil su ne ke danne da ita. In irin wannan ce taka, sayi sabbin ƙusoshin tare, kada makanike ya mayar maka da tsofaffin, ka kuma koma ya sake ɗaure su bayan 'yan kwanaki.

Tsofaffin Hilux marasa ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, suna da wani bawul a baya mai sanda da ke haɗe da aksil. Shi ke auna yadda bayan mota ya sauka, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi daidai da lodin. In ka sa abin da ke hana bayan sauka, bawul ɗin zai ɗauka motar babu kaya alhali tana cike, birkin baya ya yi sanyi. Ranar da aka ɗaura maka sabuwar roba, ka sa a duba saitinsa, sannan ka loda rabin abin da ka saba, ka nemi fili ka taka birki sau biyu ko uku kafin ka hau titi.